Kafin Ka Ƙara wa A-kori-kura Sifirin

    

Yau a kan a-kori-kura za mu tattauna. Motar da ke kai hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau. Ita ke kai siminti da bulo wurin gini, ita ke kai taki gona, ita ke jan tankin ruwa zuwa unguwar da famfo ya ƙafe. Kowa ya san kamanninta idan an jibga mata lodi. Baya ya zauna, hanci ya ɗaga. Da dare fitilarta ta bar kwalta, ta koma haska rassan bishiya da idon direban da ke tahowa. Mai mota ya duba ya girgiza kai, ya ce gobe sai gareji, a ƙara mata sifirin.

To, kafin a je garejin, ga maganar da nake so ku riƙe. Zan faɗe ta yanzu, kuma za ku sake jin ta a bakina. Ƙarin sifirin yana ɗaga bayan mota, amma ba ya ƙara mata yawan kayan da za ta iya ɗauka. Yana gyara tsayuwarta. Iyakar da aka ƙera ta da ita tana nan inda take.

Bari mu fara leƙa ƙarƙashin motar tare.

Idan ka durƙusa bayan Hilux, ko tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, abin da za ka gani kusan iri ɗaya ne. Fallayen ƙarfe ne dogaye, an jera su wani kan wani, an ɗaure su a kan aksil. Na sama shi ne mafi tsawo. An naɗe bakinsa biyu, an sa roba a ciki, an rataye shi jikin shasi. Na ƙasa suna raguwa a tsawo. A can ƙarshe, a motoci da yawa, akwai wani falle mai kauri wanda yake kusan miƙe. Idan mota ba kaya, wannan fallen hutawa yake yi. Sai nauyi ya danno sauran sun sauko kansa, sannan ya karɓi aiki. Toyota ta fara fitar da Hilux a 1968, kuma har yau a kan irin wannan sifirin take tsayawa ta baya, saboda yana da juriya kuma gyaransa ba wuya. Wasu motocin, irin su Ram 1500 ta Amurka tun 2009, sun koma sifirin mai murɗe don laushin tafiya. Amma akasarin waɗanda ke yi mana aiki a nan masu falle ne.

Kusa da sifirin akwai shokazoba. Mutane da yawa suna ɗauka ita ma tana ɗaukar kaya. A'a. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Aikin shokazoba shi ne hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Don haka wanda bayan motarsa ya zauna, ya je ya sayi sabuwar shokazoba mai tsada don ta ɗaga masa, ya kashe kuɗinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

Yanzu mu zo kan iyakar da na ambata. A ina take?

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Idan ba ka gani a nan ba, buɗe bonet. Akwai ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna. A jiki an rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya idan an yi mata lodi, a wasu kuma har da iyakar abin da aksil na gaba da na baya za su ɗauka. Yawancin a-kori-kura irin su Hilux, abin da aka yarda su ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba. Kuma ku saurara da kyau, wannan tan ɗayan ba na buhuna kaɗai ba ne. Direba yana ciki. Yaron mota yana ciki. Ƙarafan da mai walda ya ɗora a kan bodi don a ji daɗin ɗaure kaya, su ma suna ciki. Buhun masara babba kilo 100 ne. Ke nan buhu goma sun riga sun cinye lissafin tun direba bai shiga ba. Ku tuna buhu nawa kuka saba gani a kan mota ɗaya ranar kasuwa.

Me ya sa kamfani ya tsaya a wannan adadin? Don ba sifirin kaɗai ya duba ba. Ya duba aksil. Ya duba boris ɗin da ke cikin wili. Ya duba birki, ya duba taya, ya duba kaurin ƙarfen shasi. Duk waɗannan tare suka ba da lambar da ke jikin farantin. Idan ka ƙara falle biyu, sifirin ka canja. Birkin nan shi ne na jiya. Boris ɗin nan shi ne na jiya. Abin da ya fi damuna ma shi ne, da can idan bayan mota ya zauna, yana faɗa wa direba cewa kaya sun yi yawa. Yanzu an ƙara falle, mota ta miƙe tsaf, sai ɗan kamasho ya ce ai da sauran wuri, a ƙaro buhu biyar. An rufe bakin mai gargaɗi, nauyin kuma ya ƙaru.

A Ostareliya, inda ake ji da irin waɗannan motoci, akwai hanyar da doka ta yarda a ɗaga wa mota wannan iyaka. Amma ba a bakin titi ake yi ba. Sai injiniya ya amince da kayan da aka sa, an gwada birki, an manna wa motar sabuwar shaida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa maganar ta wuce ƙara ƙarfe ɗaya. Don haka ina maimaitawa. Ƙarin sifirin yana ɗaga baya, ba ya ƙara iyakar kaya.

Wani zai ce, to malam, kana nufin kada a taɓa sifirin ke nan? Ba haka nake nufi ba. Motar da ke aiki a cikin iyakarta tana amfana sosai da gyaran da ya dace. Tafiyarta tana daidaita, sitiyari yana kama ƙasa, fitila tana komawa kan hanya. Abin da nake roƙo shi ne a zaɓa da ilimi. To, mu juya ga zaɓin.

Matakin farko ba saye ba ne. Dubawa ne. Sau da yawa motar da ake cewa tana buƙatar ƙari, gajiya ce ta kama kayanta na asali. Ka ajiye ta a daidaitaccen wuri ba kaya. Ka kalli sifirin ta gefe. Lafiyayye yana da ɗan lanƙwasa. Wanda ya gaji ya miƙe sambal, wani ma ya fara lanƙwashewa ta ɗaya gefen. Ka bi fallayen ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, ka nemi tsagewa, musamman kusa da tsakiya inda aka ɗaure su. Ka duba robobin bakin sifirin, ko sun cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe. Sannan ka ɗaga kai ka kalli wata dunƙulalliyar roba da ke tsakanin shasi da aksil, wadda ke tare su kada su yi karo. Idan ka ga inda take bugawa ya yi sul yana ƙyalli, alhali ko'ina ƙura ce da tsatsa, to motar ta daɗe tana zama har ƙasa. Ka ɗauki tef ɗin awo, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama. Ka rubuta. Ka yi lodin da ka saba, ka sake aunawa. Da wannan takardar za ka je wurin bakanike. Wanda ya ɗora sabon falle a kan sifirin da ya riga ya mutu, ba da daɗewa ba zai dawo gareji.

Mataki na biyu tambaya ce, kuma ita ce ke raba gardama. Kullum motarka take ɗauke da kaya, ko sai jefi-jefi?

Idan kullum ne, kamar mai kai bulo ko mai rarraba ruwan leda, abin da ya fi dacewa shi ne a sauke tsohon sifirin gaba ɗaya, a sa cikakken saiti mai ƙarfi wanda aka ƙera don wannan motar. Kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostareliya suna rarraba sifirinsu ne bisa nauyin da mota ke yawo da shi a kullum. Wannan tsarin tunani shi ne daidai, ko da a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka yi sayayyarka. Ka faɗa wa mai shago nauyin da kake ɗauka yau da gobe, ba wanda ka taɓa ɗauka sau ɗaya ranar biki ba. Amma ka sani, ranar da motar ta fita ba kaya, za ta yi tauri. Baya zai riƙa tsalle a kan gargada, taya tana barin ƙasa tana dawowa. Idan an yi ruwa, irin wannan bayan yana saurin zamewa a kwana.

Akwai hanyar da ta fi yawa a garejojinmu, wato ƙara falle ɗaya ko biyu a cikin tsohon saiti. Tana da araha, kuma idan an yi ta da kyau tana aiki. A nan zan ɗan daɗe, don a nan aka fi yin ɓarna. Fallen da za a ƙara ya zama faɗinsa ɗaya da na motar, lanƙwasarsa ta bi ta sauran. Abin da aka sa a hagu, irinsa za a sa a dama. Idan aka yanko fallen babbar mota mai kauri aka cusa, shi ba ya lanƙwasawa, sai fallayen sama su riƙa karyewa a daidai inda bakinsa ya tsaya. Kada a yi wa sifirin walda. Kada a gasa shi da wuta don a dawo masa da lanƙwasa. Ƙarfen sifirin an yi masa wani irin horo na zafi da sanyi a masana'anta, wuta tana warware wannan horon. A ido zai yi kyau ranar da aka gama, amma ƙarfinsa ya tafi. Haka kuma, lanƙwasassun ƙarafan nan da ke ɗaure sifirin da aksil, idan an kwance su a sa sababbi, masu tsawon da zai ɗauki ƙarin fallen. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a koma a sake ɗaure notinansu, don sabon haɗi yana zama ya saki. Idan suka yi sako-sako, kusar tsakiyar sifirin tana iya guntulewa, aksil ya goce, ka ga mota tana tafiya a karkace.

To, idan kuma motarka ta hawa ce a yawancin kwanaki, sai lokacin kaka ko wani aiki take ɗaukar nauyi fa? Kai ba sifirin mai tauri kake buƙata ba. Abin da ya dace da kai shi ne mataimakin da ba ya shiga aiki sai an yi lodi. Akwai dunƙulen roba na musamman, irin wanda kamfanin Timbren na Kanada ke yi, da ake sawa a gurbin waccan robar da ke tare aksil. Ba ya son hura iska, ba abin da zai huje. Akwai kuma jakar iska, irin ta Firestone da Air Lift, da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksil. Idan za ka yi lodi ka ƙara mata iska, idan ka sauke ka rage. Daɗinta ke nan. Amma tana son kula. Ba a barinta babu iska kwata-kwata, sai ta goge ta yage. Siririn bututunta kuma ƙaya da tsakuwar hanyar burji ba sa raga masa.

Akwai wani gargaɗi a kan jakar iska da nake so masu mota mai gida biyu su ji. Sifirin yana raba nauyi ne a wuri biyu jikin shasi, gaba da baya. Jakar iska kuwa a wuri ɗaya take turawa, daidai saman aksil. Idan aka cika ta da iska tam, aka jibga kaya masu nauyi a can ƙarshen bodi, aka shiga hanya mai ramuka da gudu, shasi yana iya lanƙwashewa a tsakanin gidan direba da bodi. An sha ganin haka a motocin da ke ratsa dajin Ostareliya. Su kansu masu ƙera jakar suna rubutawa ɓaro-ɓaro a takardar kayansu cewa ba ta ƙara wa mota iyakar nauyi. Mai sayarwa ma ya faɗa, balle mu.

Yanzu ga wani abu da ba kowane bakanike ke tunawa da shi ba, kuma rai ya rataya a kansa. A tsofaffin Hilux da ire-irensu, akwai wani ɗan bawul na birki a jikin shasi ta baya. An haɗa shi da aksil da wani siririn ƙarfe. Aikinsa shi ne auna yadda bayan mota ya sauka. Idan baya ya zauna, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan baya ya ɗaga, ya ɗauka ba kaya, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. To, ka ƙara falle, ka ɗaga baya. Ka yi lodi, motar ba ta sauka yadda ta saba ba. Bawul ɗin yana ganin mota fayau take. Sai ya hana birkin baya ƙarfi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Direba ya taka birki a gangara, ya ji mota tana ci gaba da tafiya. Don Allah, duk wanda aka taɓa wa sifirin, ya ce wa bakanikensa a duba wannan bawul, a daidaita shi da sabon tsayin motar.

Mu juya ga masu ja. Masu jan tankin ruwa, da janareta mai taya, da ƙaramar tirela ta kayan gona.

Ja daban yake da ɗauka. Nauyin wuyan tirela yana sauka ne a kan ƙugiya, ita kuma ƙugiya tana can bayan aksil. Ku tambayi mai tura kurar ruwa abin da ke faruwa idan jarkoki suka taru a gefe ɗaya na taya. Ɗaya gefen ɗagawa yake yi. Haka motar take. Abin da ya danna ƙugiya yana ɗage tayoyin gaba, su kuma su ne masu sitiyari, su ne masu yawancin birki. Sifirin mai ƙarfi zai hana baya zama, amma ba zai mayar wa tayoyin gaba nauyin da suka rasa ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiya. Idan ya yi yawa, gaba ya yi sakayau. Idan ya yi kaɗan, tirela ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, har ta kai ga juya motar da ke janta. Maganin wannan yana wurin jera kaya a kan tirelar, masu nauyi su zauna kaɗan gaba da tayoyinta. A Amurka, masu jan manyan tireloli suna amfani da wata mahaɗa mai sandunan ƙarfe da ke mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba. Tana aiki, amma ba kowace mota kamfani ya yarda a sa mata ba, sai an duba littafinta.

Ku kuma lura da wannan. Wasu sababbin Hilux an yarda su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da birki, iyakar kilo 750 ce. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Tanki mai lita 1,000 ya riga ya wuce wannan iyaka, ba a ma lissafa ƙarfen da ke ɗauke da shi ba. Tankin da ke rabi kuma yana da nasa haɗarin, don ruwan yana kai-komo a ciki, yana tunkuɗa motar duk lokacin da aka taka birki. Babu fallen da zai gyara wannan.

Kada mu manta da taya, don duk nauyin nan a kanta yake ƙarewa. A-kori-kurar aiki tayar ɗaukar kaya take so, wadda za ka ga harafin C ko LT a jikin lambarta. Tayar ƙaramar mota ko ta shiga wili ba ta dace ba. Akwai kuma lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan kunne a kan tsohuwar taya da lodin da ya wuce kima. Zafin kwaltar watan Afrilu da nauyi idan suka haɗu a kan tsohuwar taya, fashewa ce ke biyo baya. Kafin lodi a tsaya wurin mai faci, a auna iska tun taya tana da sanyi.

Na san abin da direba zai ce, kuma ban raina maganarsa ba. Mai ya yi tsada. Mai mota yana jiran balas da yamma. Idan aka ce a yi sawu biyu maimakon ɗaya, ribar ta tafi a tanki. Gaskiya ne. Amma a sa kuɗin aksil ɗin da ya karye a cikin lissafin. A sa kwanakin da mota za ta yi a gareji ana tsakiyar kaka. A sa buhunan da suka zube a kwalta. Sannan akwai mutanen da ke zaune a saman lodin, 'yan kasuwa da leburori, waɗanda ba su san abin da aka yi wa birkin ba.

Akwai gyara ɗaya da ba a biyan ko sisi. Kaya masu nauyi su shiga farko, a matsa su jikin gidan direba, gaba da aksil. Marasa nauyi su bi baya. Kada a kwantar da murfin baya a jera buhuna a kai. A raba nauyi daidai hagu da dama, a ɗaure da igiya mai kyau. Motoci da yawa da ake shirin kai wa gareji, wannan kaɗai zai miƙar da su.

Masu motoci, maganata ta ƙarshe gare ku take. Gobe da safe, kafin direba ya fita, ku buɗe ƙofar nan ku karanta farantin tare da shi. Ku faɗa masa adadin buhun da kuka yarda ya ɗauka, kuma ku yanka masa balas daidai da wannan adadin. Kanikawa, iyayen gidanmu, idan mutum ya zo ya ce a ƙara masa falle, ku tambaye shi me yake ɗauka, sau nawa a mako, kuma ku duba masa bawul ɗin birki kafin ya tafi. 'Yan'uwa fasinjoji, idan kuka ga lodi ya fi ƙarfin mota, ku haƙura ku jira ta gaba.